Gero a Bayan Gilashi

Sunana Mainassara. Kafinta ne ni. Rumfata tana bayan tashar Magarya, shekara arba'in da biyu ke nan. Na yi ƙofofi, na yi gadaje, bencin lakwal, wato makarantar boko, kuwa ban san adadinsa ba. Amma abin da ya kamata a san ni da shi akwatin lasifikar mota ne. Ba a san ni da shi ba. Lado aka sani.

Ni da Lado ƴan Bande ne. Shekara ɗaya aka yi mana kaciya, rana ɗaya aka kai mu lakwal. Na yi shekara biyu, ubana ya cire ni ya miƙa wa kafinta. Lado ya yi shida, daga nan ya koyi gyaran rediyo. Yanzu yana da tabarau, yana da alƙalami a aljihun gaba, yana ƙirga da Faransanci. Direbobi suna ce masa Mushe Lado, yadda ake kiran malamin lakwal, alhali ko ɗan akuya bai taɓa koyarwa ba.

Rumfarsa tana jikin tawa, zana ɗaya ce tsakaninmu. Ga yadda muke aiki. Direba ya sayo babbar lasifika, irin wadda ke gurnani a bayan mota har mutum ya ji a ƙirjinsa. Ni in gina mata akwati, in miƙa wa Lado ta kan zana. Shi ya sa hannu ciki, ya ɗaura lasifikar, ya ja wayoyi, ya rufe, ya liƙa takardarsa mai sunansa da lambar wayarsa. Mota ta fita tana ƙugi. Mutane su ce, "Kai, wannan aikin Mushe Lado ne."

Ajiye lasifikar nan a ƙasa ba akwati ka kunna ta. Fat-fat za ka ji, kamar ana kakkaɓe tabarma. Cikin akwati ne ke ba ta murya. In cikin ya yi yawa, muryar ta yi sako-sako. In ya yi kaɗan, ta shaƙe. Kafintoci biyar ne a kewayen tasha ban da ni, duk suna yin akwati, da metir na awo, wasu har da lissafi a waya. Nasu ba ya kai nawa. Su ma sun sani.

Abin da ba su sani ba, ni ba da metir nake auna ciki ba. Da gero nake aunawa.

Da daɗewa na taɓa yin wani akwati da ya fi duk sauran murya, ban san dalili ba. Da mai shi ya kawo shi gyara, na tafi da shi gida, na kwantar da shi, na ɗauki tiyar Hinda matata na rinƙa zuba gero har ya cika. Tiya goma sha biyu. Tun ranar, duk akwatin babbar lasifika, kafin in huda masa baki sai na ɗora shi a amalanke na kai gida, na rufe ƙofa, na zuba. In ya ci fiye da haka, in ƙara katako a ciki. In bai kai ba, in farke in sake. Sannan in juye geron in mayar wa Hinda, in shimfiɗa tsohon bargo a ciki. Ban faɗa wa kowa ba, saboda abu biyu: kada a kwaikwaya, kada kuma a yi dariya. Wanda ke zaune kusa da mai ƙirga da Faransanci ba zai so a ji da kwanon mata yake awo ba.

Kullum Hinda sai ta ce, "Malam, gerona ya ragu."

In ce, "Bai ragu ba."

Ta ce, "Ni ke awon tuwo a gidan nan, ba kai ba."

Bana bayan girbi Alkasim ya zo. Direba ne, ɗan Dungas, yana da doguwar mota mai ƙofar baya da ake ɗagawa sama. Ranakun kasuwa yana kai fasinja Sassumburum da Dogo-Dogo. Sauran ranaku ana ɗaukarsa biki, ya tsaya a ƙofar gida ya saki kiɗa. Ya gaishe ni, ya zauna, ya leƙa ta kan zana.

"Mushe, zagayo kai ma ka gani."

Lado ya zagayo yana goge hannu. Alkasim ya nuna mana waya. Motar wani ɗan Kano ce, an ɗaga ƙofar baya. Gaban akwatin duk gilashi ne. Bakin lasifikar yana kallon kujeru, gindinta yana kallon mutane, yana sheƙi. Wayoyi ja da baƙi a jere, haske shuɗi ya cika ciki.

Alkasim ya ce, "Irin wannan nake so, Baba. In na ɗaga baya a wajen biki, kowa ya ga ciki."

Na ce, "Me za a gani a ciki?"

"Aikin Mushe mana!"

Haka ya faɗa. A rumfata, yana zaune a kan bencin da na yi da hannuna.

Gaban akwati shi kaɗai ne inda ake ganin hannuna. Nan nake zaɓar katako mai kyau, nan nake gogewa har ya yi santsi. Yanzu a cire shi a sa taga, don a leƙa a ga Lado.

Lado ya karɓi wayar ya matso da ita kusa da tabarau. Ya ce, "Ba gilashin taga ba ne, wancan tarwatsewa zai yi. Na roba ne. Filekisi ake ce masa. Kaurinsa zai kai santimetir ɗaya da rabi."

Na ce, "Faɗa da Hausa."

"Kaurin ɗan yatsanka, Mainassara." Ya miƙa wa Alkasim wayar. "Takardata sai in liƙa ta a bangon ciki, fitila ta haska ta."

Alkasim ya ce, "Yauwa, Mushe!"

Na ajiye gudumar da ke hannuna. Na ce zan yi, amma da sharaɗi. Akwatin nan ba zai tsallaka zana ba. Lado ya ba ni lasifika da wayoyi da fitilu, ya nuna mini inda ja ke shiga da inda baƙi ke shiga. Ni zan ɗaura, ni zan rufe. Shi nasa daga waje ne, ya haɗa da mota.

Lado ya cire tabarau ya dube ni. "Shekara talatin ni ke rufewa."

"To bana ni."

"Bari dai in sa hannu ciki sau ɗaya kafin ka rufe. Minti biyar."

"Don ka liƙa takarda?"

"Ba don takarda ba."

"To don me?"

Ya dubi Alkasim, ya dube ni, ya mayar da tabarau. "Ba komai. Yadda ka so."

Na ɗauka na ci shi.

Bayan kwana takwas gilashin ya iso daga Kano, ɗan kawun Alkasim ne ya aiko a motar kaya. Falle ɗaya tak, an liƙe shi da takarda gaba da baya. Alkasim ya ce, "Baba, ka bi shi a hankali, babu na biyu." Na ce ya je ya koya wa uwar motarsa tuƙi.

Akwatin kansa bai ba ni wahala ba. Katako na sani. Na yi masa ɗan dandamali a kewayen baki inda gilashi zai zauna. Ta ciki kuma na yi wani abu da babu shi a na ɗan Kano: siririn rami a kewaye, da leɓen katako a kansa, a tura fitilun ciki yadda ba za a gan su ba, haskensu kaɗai za a gani. Fitilun na Lado ne. Na ce su ma su ɓuya.

Gilashin ne ya nuna mini iyakata. Na auna, na zana layi a kan takarda, na sa zarton katako. Ja biyu, gefen ya ɓantare. Allah ya sa wajen da zan yar ne. Na koma zarton ƙarfe mai ƙananan haƙora, ina ja a hankali kamar mai yankan farce. Layi huɗu, wuni guda. Ragowar da ta fita na ajiye don gwaji.

Na sa wa ragowar injin huda yadda nake yi wa katako. Robar ta narke, ta kama bakin injin, ta tsage har gefe. Na gwada wani wuri, ya hudu. Na sa sukuru na ɗaure tam. Sai na ji ƙas. Tsaga ta fita ta ko'ina daga ramin kamar ƙafar gizo-gizo. Na zauna ina kallonta. Ramuka goma sha shida zan huda a na gaske, kuma ɗaya in ya yi haka, an gama.

Ta bayan zana na ji muryar Lado, ƙasa-ƙasa. "Wani a Kano ya ce mini sai an daƙushe bakin tukuna. A riƙa ɗiga ruwa, kada a danna. Rami kuma ya fi sukuru faɗi, don abin yana kumbura in mota ta sha rana."

Na ce, "Wa ya tambaye ka?"

"Ba da kai nake ba. Da rediyon nan nake."

Ban taɓa komai ba sai da ya tafi cin abinci. Sannan na goga bakin a dutse, na cika buta, na gwada a ragowar. Rami ya fita tas. Na yi na biyu, tas. Wannan ya fi tsagewar ɓata mini rai.

Kwana biyu na yi ina huda na gasken. Na goge gefuna da samfefa jiƙaƙƙiya, daga mai kaushi zuwa mai laushi, har yatsa ya daina jin komai. Na yanka robar cikin tayar babur siriri, na shimfiɗa a kan dandamalin don kada iska ta sami hanya. Takardar ban ɓare ta ba.

Bargo ba zai shiga wannan akwati ba, tunda ana ganin ciki. Farin fenti na shafa. Kafin fentin, na sa ƙarfe a wuta na rubuta a bangon ciki, gefen inda lasifika za ta zauna: MAINASSARA KAFINTA. Harafi goma sha bakwai, rabin wuni. Na zurfafa su sosai, na bi su da baƙin fenti daga baya. Takardar Lado ana ɓare ta. Wannan sai an fasa katako.

Na riga na auna cikin tun farko, sha biyu daidai. Amma bayan awon ne na ƙara leɓen nan na fitilu, hankalina bai kwanta ba. Akwatin da zai ɗauki sunana ba zan bar shi a kan tsammani ba. Fenti ya kwana biyu, na taɓa na ji ya bushe. Na ɗora a amalanke na kai gida, na toshe bakin lasifika da katako, na sake zubawa. Sha biyu ba kaɗan. Ya yi. Na juye, na kifa shi, na buga bayansa sau uku kamar kullum, na leƙa. Fari tas na gani.

Idona ya ragu, na sani. Hinda ta daɗe tana cewa in je likita a ba ni tabarau. Na ce tabarau na Lado ne.

Ta zo ta mayar da geronta buhu tana ƙirgawa. Ta ce, "Malam, yau kam ya ragu da gaske. Ya kai cikin hannu biyu."

Na ce, "Kaji ne."

"Kajin da ke kulle?"

Na tura amalanke na fita. Gaggawa nake yi.

Washegari na ɗaura lasifikar. Na jera wayoyin yadda Lado ya nuna, na tura igiyar fitilun cikin ramin da tsinke, don yatsana ba ya shiga. Sannan na ɓare takardar. Wallahi na tsaya. Abin kamar babu shi, sai ka taɓa ka san yana nan. Na goge shi da busasshen ƙyalle. Gashin hannuna ya miƙe yana bin shi, ƙurar zarto tana tashi daga benci tana manne masa. Na ƙara gogewa, ta ƙara mannewa. Na hure, na yi sauri na kifa shi a kan robar. Sukuru goma sha shida, da hannu na ɗaura su, ɗaya nan ɗaya can, kowanne ina tsayawa da zarar na ji ya taɓa. Babu wanda ya yi ƙas.

A shekara arba'in da biyu ban yi abin da ya kai shi kyau ba.

Bayan la'asar Alkasim ya kawo mota ƙarƙashin babbar rumfar tasha inda akwai inuwa. Ya riga ya yayata. Direbobi sun taru, ƴan kabu-kabu sun jingine babura, masu shayi sun bar tukwane. Kafintocin nan biyar duk sun zo, Usaini a gaba, wanda ya fi su baki. Muka ɗora akwatin. Lado ya durƙusa ya haɗa wayoyinsa ta waje. Na gan shi yana leƙen kusurwoyi ta cikin gilashin. Na ce, "Naka a waje yake." Ya tashi.

Alkasim ya kunna fitilu. Cikin ya yi shuɗi. Wani ɗan kabu-kabu ya sunkuya ya karanta da ƙarfi, yana rarrabewa: "Mai-nas-sa-ra Ka-fin-ta." Wani ya ce, "Au, Baba ne ya yi?" Na harɗe hannuwana a baya. Shekara talatin nake jiran wannan tambayar.

Aka saki kiɗa. Ganga ta farko ta sauka a ƙirji, mai nauyi, babu kakkarwa. Usaini ya kau da kai. Alkasim ya ƙara murya. Ya sake ƙarawa.

Sai na ji wani abu a ƙarƙashin kiɗan, kamar farkon ruwa a kan kwano.

Ƙwaya ɗaya ta faɗo daga ramin fitilu na sama. Sai biyar. Sai suka zubo ta kowane gefe. Fentin da ya taru a cikin ramin ashe bai bushe ba ranar da na auna, ya riƙe geron. Yanzu ya bushe, ganga ta kakkaɓe shi. Gero ya cika ƙasan akwatin yana tsalle, duk bugu ɗaya ya tashi kamu guda ya dawo. Ƙaiƙayi da ƙurar geron suka tashi suka manne wa gilashin ta ciki. Ina kallo sunana ya dushe.

Tasha ta fashe da dariya.

"Baba, rumbu ka gina masa?"

"Alkasim, rufe mota, ga kaji nan tafe!"

"A zuba nono kawai, fura ta samu!"

Usaini ya riƙe ciki. "Shekara arba'in da biyu! Ko shara bai iya ba!"

Alkasim ya rage kiɗan ya zo gabana, idonsa ya yi ja. "Baba, mene ne wannan? Jibi ina da biki a Dogo-Dogo. Da me zan je, da abin dariya?"

Na sunkuya ina leƙen geron ta cikin gilashin.

Lado ya ɗaga hannu. "Ku dakata. Ni na sa a zuba."

Aka juya gare shi.

"Gwaji ne," in ji shi, yana gyara tabarau. "Ku duba kusurwoyi huɗun nan. In geron yana tashi daidai a kowacce, to iska ba ta fita ta ko'ina. In akwai ɓaraka, can zai taru ya kwanta. Alkasim, ƙara murya su gani." Ya haɗa da kalma biyu na Faransanci da ban gane ba. Ina jin su ma ba su gane ba.

Aka ƙara murya. Geron ya tashi a kusurwa huɗu daidai, cikin hasken shuɗi. Bakin da ke dariya ɗazu ya koma salati. Wayoyi suka fito ana ɗauka.

"Kai, Mushe! Ilimi dai ilimi ne!"

"Mushe Lado ya sa gero rawa!"

Alkasim ya yi tsalle. "Kada a cire! Wallahi kada wanda ya cire mini! Haka zan je Dogo-Dogo!"

Na tsira. Babu mai kallona. Usaini ma ya daina dariya, ya matsa yana leƙe. Abin da ya rage mini kawai in yi shiru in koma rumfata da mutuncina da sirrina.

Na tsaya ina duban bayan Lado, mutane suna dafa kafaɗarsa. Katakona ne. Awona ne. Ni na yanka gilashin, ni na huda shi rami goma sha shida. Geron na matata ne. Kuskuren ma nawa ne, ni kaɗai na yi shi, ga shi ya ɗauke shi ya mayar da shi rawani ya naɗa.

Na ce, "Ƙarya yake yi."

Kiɗa ya danne ni. Na je na murɗe maɓallin muryar da kaina, tasha ta yi tsit.

"Ƙarya yake yi. Hannunsa bai shiga akwatin nan ba, bakinsa ma bai shiga ba. Alkasim, a gabanka na kafa sharaɗi. Haka ne ko ba haka ba?"

Alkasim ya ce, "Haka ne, Baba."

Lado ya matso ya ce a hankali, "Mainassara, bar shi haka."

"Ba zan bari ba. Gerona ne."

Na faɗa musu duka. Amalanke, rufe ƙofa, tiyar Hinda, goma sha biyu. Na ce mantuwa ce ta bar wannan a ciki, ba gwaji ba, kuma mantuwar tawa ce.

Dariyar ta fi ta farko. Wani ya faɗi daga kan babur. Usaini yana share hawaye ya ce, "Tiya, Baba? Tiyar tuwo?"

Na ce, "Tiyar tuwo. Kai kana da metir, kana da waya. Je ka ɗauko naka mafi kyau, a ajiye kusa da wannan a kunna."

Bai je ba. Amma na ga leɓensa yana maimaita sha biyu. Sauran huɗun ma sun ji. Abin da na ɓoye shekara talatin ya fita cikin minti ɗaya, da bakina.

Wani tsohon direban Bande ya ratso mutane. "Malam Mainassara, akwatin da aka sa mini shekara goma da ta wuce, shi ma da tiya ne?"

"Shi ma."

"To wallahi lasifika uku na canja masa, muryar ba ta canja ba. Ni duk zatona hannun Mushe ne."

Na ce, "Yanzu ka sani."

Wani ɗan kabu-kabu ya ɗaga murya, "Baba Mai Tiya!" Suka ɗauka gaba ɗaya. Rabi tsiya ce, rabi ba tsiya ba. Na karɓa duka.

Kafin magariba muna rufe rumfuna, na zagaya ta Lado. Na daɗe ban taka ta ba. Yana naɗe waya.

Na ce, "Me ya sa ka yi ƙarya?"

Ya ce, "Me ya sa ka ƙi karɓarta? Kyauta na ba ka."

"Minti biyar ɗin nan da ka roƙa. Na me?"

Ya jawo aljihun tebur ya ciro gashin kaza guda uku ɗaure da zare, da wani siririn tiyo. Ya ajiye a gabana. "Kowane akwati ka miƙo, akwai gero a kusurwa, a ƙarƙashin bargo, a bayan katakon ƙari. Da wannan nake sharewa, da wannan nake hurewa. Tun na farko. Bana da idonka ya ragu sai ya ƙaru."

"Tun na farko?"

"Tantabarun nan da ke sauka bayan rumfata, kana tsammanin labaran rediyo suke zuwa ji?"

Na zauna a kujerarsa ba tare da ya ce in zauna ba.

"Ka faɗa wa wani?"

"Abinka ne."

"To da ake cewa aikin Mushe, aikin Mushe, me ya hana ka ce akwatin ne ke murya?"

Ya juya gashin kazan a hannunsa. "Ba su tambaya ba. Kuma gaskiya ina jin daɗin Mushen nan, Mainassara. Kai ma da kai ne da ka ji."

Na tashi na fita. Ban gode masa ba.

A gida Hinda ta riga ta ji. Ko sannu ba ta yi mini ba, ta miƙo hannu biyu a haɗe. "Kaji, ko?"

Washegari muka kwance gilashin, ni da Lado. Ya wanke shi da ruwan sabulu da ƙyalle mai laushi, ya ce busasshen ƙyalle ne ke sa shi jan ƙura. Na ce na sani. Alkasim ya kafe sai an mayar masa da geronsa. Hinda ta wanke cikin hannu guda ta shanya, babu ƙaiƙayi, muka zuba muka rufe. Sunana ya fito tas. Motar ta je Dogo-Dogo ta dawo da direbobi uku suna tambayar ina rumfar Mai Tiya.

Kafintocin nan biyar duk sun ari tiyar matansu. Na ji akwatin Usaini na farko yana wucewa, muryarsa sako-sako. Na ce musu sha biyu. Ban ce musu shafaffiya ko mai tsororo ba. Ban kuma ce musu tiyar Hinda ta uwarta ce, ba ta kai ta kasuwa zurfi ba. Wannan ma ina jin Lado ya sani.

Shi ne abin da ke ci na har yanzu. Na sami sunan da nake nema, shi kuma bai rasa nasa ba, har gobe Mushe ne. Shekara talatin yana riƙe da abin da zai sa tasha ta yi mini dariya, bai sake shi ba. Ni da a ce na sami irin wannan a kansa, ban san me zan yi da shi ba. Ko kuma na sani. A nan ma ya fi ni, kuma wannan ba a lakwal ya koya ba, balle in ce ubana ne ya cire ni.

Jiya na gama akwatin wani direban Sassumburum. Shi ma gilashi, shi ma sunana a bango da wuta. Na ɗaga shi na miƙa ta kan zana.

Na ce, "Minti biyar. Babu takarda."

Ya ɗauko gashin kazansa. Na zagaya na tsaya a kansa har ya gama.